Lambar da Aka Ce Ba Ta Rabuwa

Kai ka kashe wa 'yata suna, Farfesa. Kai, ba inji ba, ba kwamiti ba, ba ƙaddara ba kamar yadda matarka ta aiko a gaya mini. A ɗakina ka yi shi, kana zaune a kan kujerata mai gurguwar ƙafa, kofin shayina a hannunka. Ina wurin. Ban yi boko ba, amma ba sai an kai kunne makaranta yake ji ba.

Ƙwai nake sayarwa a bakin titin bayan tasha, tun 'yata Auta tana goye. Da kiret ɗin ƙwan nan ta yi karatu har ta faɗo hannunka a sashen lissafi na jami'a, ka ɗauke ta mataimakiyar bincike. Ranar da ta kawo mini labarin na ce mata, "Lissafin me kuma ya rage? Ba an gama ƙirga komai ba tun kafin a haife ki?"

Ta yi dariya, ta tsuguna gaban kiret, ta ware ƙwai goma sha biyu.

"Inna, jera mini su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa."

Na jera, huɗu-huɗu sau uku. Ta ce in sake, na yi shida-shida. Sai ta ɗora ɗaya a kai.

"To jera sha uku."

Na juya, na juya, kullum sai wani ya tsaya a gefe kamar baƙon da ba a gayyata ba.

"Wannan ai sai dai a fasa ɗaya," na ce.

"Kin gani? Sha uku ba ta rabuwa. Ko ki bar ta dunƙule, ko ki ware ta ɗaya-ɗaya, shi ke nan. Irinsu muke nema. Bakwai haka take, sha ɗaya ma haka."

"To ga su nan kin samu. A biya ki mu tafi gida."

"Manyan muke nema, Inna. Waɗanda in aka rubuta su, sai sun cinye littafi guda ba a kai ƙarshensu ba."

Daga nan na zama ɗalibarta ba da son raina ba. Tana taya ni goge ƙwai tana ba ni labarin danginsu, don wai su ma dangi-dangi ne. Akwai tagwaye, irin sha ɗaya da sha uku, lamba ɗaya ce tal a tsakaninsu. Akwai waɗanda gabansu da bayansu duk ɗaya ne, ta duk inda ka faro karatu abu guda za ka tarar. Na ce waɗannan su ne mutanen kirki, ba su da yawa. Sannan akwai dangin da ta fi so: ka ɗauki wadda ba ta rabuwa, ka ninka ta biyu, ka ƙara ɗaya, sai ta haifar maka wata da ita ma ba ta rabuwa. Biyar ta haifi sha ɗaya. Sha ɗaya ta haifi ashirin da uku, ita kuma ta haifi arba'in da bakwai.

"Arba'in da bakwai fa?"

"Nan zuri'ar ta lalace. Tasa'in da biyar ta haifa, biyar ma tana raba ta."

"Kowane gida da irin nasa," na ce.

Ka san duk wannan, ba koya maka nake yi ba. Ina faɗa ne don ka san na san a kan me aka yanka ta.

Shekaru ta yi a ɗakin injinku tana neman uwa da 'ya irin waɗannan, manya. Na taɓa shiga ɗakin, ranar da ta manta maganinta na bi ta da shi. Ƙarƙashin bene yake, ba taga, injuna a jere cikin akwatunan ƙarfe suna gurnani, wayoyi a ƙasa kamar hanjin akuya. Zafin da ya buge ni a bakin ƙofa ko gidan burodi sai haka. Na'urar sanyin ta mutu tun bara, an ajiye bokiti a ƙarƙashinta yana jiran ruwan da ya daina ɗiga. Auta ta ce ta yi magana har ta gaji, kullum sai ka ce ana kan dubawa. Fankata ta tsaye, wadda nake kwana da ita, ita ta ɗauka ta kai ta kafa wa injin, ni na koma fifita da kwali.

A cikin wannan zafin ta samo uwar. Aka gwada ta, aka sake gwadawa a wani wuri, ta tsaya daram. Sai aka juya kan 'yar. Inji ya yi wata da watanni yana niƙa, rannan ya tofa amsa: ita ma ba ta rabuwa.

Ta dawo gida ba ta ko iya cin abinci. Na ce, "To sai a yi shela."

"A'a, Inna. Inji ɗaya ne ya faɗa. Inji in ya sha zafi yakan yi tuntuɓe a wuri ɗaya cikin dubun dubata, ya wuce bai ma sani ba. Ƙa'idar aikinmu, sai an kai ta wani inji daban, wani mutum daban ya faro daga farko. Kafin nan sunanta wadda ake kyautata wa zato. Ba ta shiga sahun waɗanda aka tabbatar ba."

"Shi na biyun yaushe zai gama?"

"Da saura. Ba a ma ba mu layi ba tukuna."

Makon nan zazzaɓi ya kwantar da ita, shi ya sa ka zo har gida. Kai da ba ka taɓa sanin hanyar unguwarmu ba. Motarka ta kasa shiga lungu, ka taka da ƙafa kana ɗage bakin wando. Na yi murna, wallahi na yi murna. Na ce ashe akwai manya masu duba na ƙasa da su. Na goge kujera, na sa mata kwali a ƙarƙashin gurguwar ƙafar, na dafa shayi da madarar da nake ɓoyo.

Ka ce, "Sannu, Mama. Yaya mai jiki?"

Ba ka jira amsa ba ka juya wajenta. Tana kwance a kan tabarma, ta yunƙura ta zauna ta ja mayafi. Ka ce za a buɗe sabon ginin sashe, manyan baƙi za su zo, waɗanda suka ba da gudummawa suna son su ga abin da aka yi da ita. Ka ce ba abin da ya fi dacewa da ranar kamar a sanar da lambar.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi gwaji na biyu ba."

"An sake gudanar da ƙarshensa jiya, amsar ɗaya ce."

"A kan injin nan dai, ranka ya daɗe. In tun baya ya yi tuntuɓe, ko sau nawa aka maimaita ƙarshen abin da zai faɗa ke nan. Ga zafin ɗakin."

Ka yi 'yar dariya, ka dube ni. "Mama, kin ji 'yarki? Tun kafin ta iya tafiya nake wannan aikin."

Ni kuma, jakar tsohuwa, na taya ka dariyar.

Ta ce, "A ce ana kyautata mata zato mana. Hakan ma abin faɗa ne."

"Wa zai taso daga nesa don ya tafa wa zato? Za a ce an tabbatar. Gwaji na biyu ya biyo baya, ai ba gudu zai yi ba."

"In kuma ta..."

"In ma wani abu ya faru, ni ne shugaba. A wuyana yake."

Ka dafa wuyan naka da hannun hagu, don na dama yana riƙe da kofi. Haka ka yi. Ka shanye shayin, ka ce Allah ya ƙara sauƙi, ka fita. Ta bi ƙofa da kallo, ta koma ta kwanta ta juya wa ɗakin baya.

Ranar buki an gayyace ni. Na sa tufafina na fita kunya, aka zaunar da ni can baya kusa da lasifika. Kun buga lambar a kan wata doguwar farar takarda, kuka manna ta a bangon baranda tun daga ƙofar shiga har matakala, ta hau bene ta ci gaba. Ƙananan baƙaƙe kamar jerin tururuwa. Baƙi suna tafiya suna shafa ta, masu hoto suna bin su. Ka hau mumbari ka yi magana mai tsawo, ka ce "na gano", ka ce "bincikena", ka ce "shekarun da na kwashe". Wata mata da ke gefena ita take fassara mini inda ka juya harshe. Can wajen ƙarshe ka ce kana gode wa ma'aikatan sashe, ka nuna gefen da Auta take tsaye da tiren ruwa a hannu, don an rasa mai raba wa baƙi. Ban ji haushi ba a lokacin. Na ce haka manya suke, in rana ta fito kowa zai sha.

Ba a daɗe ba masu irin aikinku na wasu ƙasashe suka ɗauki lambar suka sa a nasu injunan, masu sanyi. Amsa ta dawo daga wuri biyu: uwar tana nan tsaye, 'yar kuwa tana rabuwa.

Auta ta same ni a bakin titi da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a kan kiret ɗin da babu komai, ta ce, "Inna, ta fashe."

"Da me ta rabu? Da uku? Da bakwai?"

"Ba wanda ya sani."

"Kamar yaya ba wanda ya sani?"

"Gwajin ba ya nuna abin da ya raba ta. Yana nuna dai tana rabuwa. Wataƙila har mu mutu ba a gano ba."

"A ce kaza ta mutu, a kasa nuna gawar?"

"Ta mutu, Inna. Gaskiya suka faɗa."

Ko a wannan ranar ba ta yarda ta yi wa lamba ƙarya ba.

To, kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi. Da lambar tana tsaye taka ce. Da ta faɗi sai ta zama ta Auta. Ka gaya wa 'yan jarida wata ƙaramar ma'aikaciya ce ta kawo maka sakamako ta ce an kammala duk gwaji, kai kuma ka amince da ita, amanarka ce aka ci. Aka kafa kwamiti. Aka ce ta ƙirƙiri sakamako da gangan. Aka karɓe makullin ɗakin injin daga hannunta, mai gadin da kullum yake ce mata "'yata" ya tare ta a ƙofa yana kallon ƙasa. Wanda aka kora da wannan tambarin, in ji ta, ba jami'ar da za ta sake bari ya taɓa mata inji. Uwar lambar kuwa, wadda Auta ta sha zafi ta samo, an buga ta a mujallarku da sunanka kai kaɗai. Wai ba a haɗa sunan wanda ake tuhuma da aiki mai tsabta.

Ranar zaman kwamitin na ƙarshe na rufe kiret na bi Auta. Ta roƙe ni kada in je, na ce in ta isa ta ɗaure ni. Sakatariyarka ta tare ni a baranda.

"Mama, ina zuwa? Ba a sayar da komai a nan."

"Ba talla na zo ba, 'yar nan. Shaida na kawo."

"Sunanki ba ya cikin waɗanda za a kira."

"Ai ba a kira ni ranar da aka yi maganar ba, amma ina wurin. Matsa."

"Mama, za ki ja mini."

"An riga an ja wa wadda ta fi ki."

Ta matsa. Bangon barandar duk tabon gam, an yage takardar, sai wani guntu da aka toshe fasasshen gilashin taga da shi.

Mutum biyar na tarar a bayan dogon tebur, kowa da robar ruwa a gabansa. Ɗakin sanyi ƙalau, ashe akwai na'urar da ke aiki a ginin. Kana gefe ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Auta tana tsaye ita kaɗai a tsakiya. Shugaban kwamitin, wani mai furfura a gemu, ya ɗaga kai.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Da lafiya da ba ku gan ni ba. Ni ce uwarta. Wannan mutumin ya zo ɗakina, ta ce masa ba a yi gwaji na biyu ba, ya ce a faɗa haka nan, a wuyansa yake."

Wani ya rufe baki da hannu.

Shugaban ya ce, "Mama, kin san mene ne gwaji na biyu?"

"Na san an ce ba a yi shi ba. Na san wanda ya ce a wuce."

"Akwai wani abu a rubuce?"

"Shayi na ba shi, ban ba shi biro ba."

Nan suka yi dariya, har da mai rubuta bayanin zama. Shugaban ya juya wajenka. "Farfesa?"

Ka sauke ƙafa, ka gyara tabarau, ka yi magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Ka ce gaskiya ne ka je duba ta da ba ta da lafiya, kamar yadda kake yi wa duk na ƙasa da kai. Ka ce an taɓa hirar aiki sama-sama. Ka ce ba ka tuna an yi wata magana irin wannan ba, kuma ba ka ga laifina ba, kowace uwa haka za ta yi.

Na ce, "Dube ni ka sake faɗa."

Ba ka dube ni ba. Robar ruwanka ka buɗe.

Na juya wajen Auta. "Ke ba ki da baki? Faɗa musu!"

Ta ce, "Na faɗa, Inna. Tun zaman farko na faɗa."

Shugaban ya ce shaidar uwa a kan 'yarta ba ta da nauyi a ƙa'idarsu, balle a kan al'amarin ilimi. Na ce ashe kuna da ƙa'ida a gidan nan, ina take ranar da ake manna takarda a bango? Ya danna ƙararrawa. Mai gadi ya zo ya kama gefen mayafina da yatsa biyu yana cewa, "Yi haƙuri, Mama, yi haƙuri." Ina fita na ce a miƙo mini fankata, tunda ita ba ta ƙirƙiri komai ba. Ba wanda ya san zancen da nake yi.

A kan bencin waje na zauna har Auta ta fito. Ta zauna kusa da ni, ta ce sun ba ta zaɓi. In ta sa hannu cewa ita ce ta yi sakaci, ta kai maka sakamako ba ta gaya maka ba a gama ba, za su goge "ƙirƙira" su rubuta "kuskure". Za ta bar aikin duk da haka, amma za ta iya neman koyarwa a wata makarantar yara. In ta ƙi, tambarin yana nan har abada.

"Kada ki sa," na ce.

"Inna."

"Ƙarya ce. Kin gaya masa. A gabana kika gaya masa."

"Na sani."

"To ki sa hannu a kan me?"

"In ban sa ba me zan ci? Ke har yaushe za ki yi ta zama a rana?"

"Ni na kawo miki ƙara? Na ce miki na gaji?"

"Ƙafarki tana kumbura kullum, ina gani."

"Ƙafata ce. Sunan kuma naki ne, ba ki da wani."

Ta murza bakin jakarta. Sannan ta ce, "Na gaji, Inna," ta tashi ta koma ciki. Ban riƙe ta ba. Ta ƙofar da ba ta gama rufuwa ba na hango ta ta sunkuya a kan tebur, ɗaya daga cikinsu yana nuna mata wurin da yatsa. Kai kuma ka miƙo mata bironka.

Yanzu tana koyar da yara a wata makaranta can ƙarshen gari, mota biyu take hawa kafin ta kai. Ta dawo, ta ci abin da ta samu, ta kwanta. In wani ya ambaci jami'a a gabanta sai ta tashi ta shiga ɗaki. Kai kuwa na ji an ƙara maka girma, an gyara na'urar sanyin ɗakin injin, an ɗauki wani sabon mataimaki. Matarka ta aiko mini da turmin zane da saƙon a bar wa Allah. Na mayar mata da zanenta. Allah na nan, ban ce ba ya nan ba, amma ba Shi ya zo ɗakina ba.

An ce mini magana ta ƙare tunda mai ita ta sa hannu. Ita ta sa. Ni ban sa ba, ban ma iya ba, kuma ba a yi takardar da za ta rufe mini baki ba. Na je ofishin shugaban jami'a an ce yana taro. Na koma an ce ya yi tafiya. Zan sake komawa. Mai gadinku ya riga ya san ni, har benci yake ja mini zuwa inuwa.

Ba aikin nake roƙa mata ba, ta ce ko an ba ta ba za ta koma ba. Ba na son zane, ba na son sannu. Mutanen da ka tara suka tafa maka suna nan da ransu, 'yan jaridar ma ba su mutu ba. Ka sake tara su. Ka tsaya a gabansu da bakinka, ka faɗi wanda ya ce a jira da wanda ya ce a wuce. In kuma ƙarya nake yi, ka kira ni gaban kowa ka ce tsohuwar nan maƙaryaciya ce, kana kallon idona. Ɗaya daga cikin biyun za ka yi, Farfesa. Fito ka amsa.